Tarago a Kan Kabarin Gvozden

Shekara talatin Svetozar da Gvozden suka yi suna gardama ɗaya, a kan tebur ɗaya, a mashayar da ke bayan kasuwar garin Pirot, kuma ba don mutuwa ta tsoma baki ba da yanzu suna can. Gardamar ita ce: wace ƙungiyar kiɗan rok ce ba a yi kamarta ba tun da aka fara rataya jita a ƙasar nan? Svetozar, malamin labarin ƙasa a sakandare, ya ce Kurman Tarago. Gvozden, mai gyaran wutar lantarki, ya ce Jiƙaƙƙiyar Ashana. A tsawon shekarun nan ƙasar ta yi ta canza suna, sumar kansu ta zube, ƙungiyoyin biyu ma sun watse, wasu makaɗan sun mutu, wasu suna tallar maganin ciwon baya a talabijin. Su kuwa babu wanda ya matsa ko taƙi ɗaya.

"Mai gangarku fa," in ji Svetozar, "kai ka ce darduma yake kakkaɓewa."

"Ai gara mai kakkaɓe darduma, Farfesa, yana da amfani a gida. Mawaƙinku kuwa akuya ce da ta karanci falsafa."

Na ukunsu, Stanimir mai aski, ba shi da ɓangare. Shi dai ya ci gasasshen tattasai, in ya ga wutar za ta mutu ya hura.

Svetozar kum ne ga Gvozden, wato shi ya tsaya masa a coci ranar aurensa; in za a kira kum, kume ake cewa. Ɗan'uwa ana iya gaba da shi; maganar kum kuwa ba a mayar da ita, ko da ta yi ɗaci.

Da bazara zuciyar Gvozden ta tsaya, yana saman tsani yana ɗaura wa wani waya. Ana gab da arba'in, matarsa Zorka ta kira Svetozar gida, ta ajiye masa kofi a kicin.

"Kume, ranar arba'in za mu kai masa abin da yake so. Tabarsa na saya, barasa akwai, kofi zan dafa. Saura waƙa. Wacce ce tasa ma? Ashanar ce ko Taragon? Ni duk ƙara ce a kunnena."

Svetozar mutum ne mai digiri, kuma daga baya ya yi amfani da digirin wajen nemo wa kansa uzuri: jimami ne, ruɗewa ce, wasa ne irin na kum da kum, mamacin da kansa zai yi dariya. Amma abin da ya faru a kicin ɗin bai kai haka tsawo ba. Ya ga ƙofa a buɗe, babu mai gadi, ya shige.

"Tarago," ya ce. Har da jinjina kai irin na mai tuna baya.

Ranar arba'in aka taru a maƙabarta. Limamin coci ya yi nasa, kowa ya ɗebi cokali guda na dafaffiyar alkama, aka tsiyaya barasa da kofi a ƙasa, Zorka ta kunna taba ta soke ta a kan kabarin tana hayaƙi. Sai aka juyo ana kallon kum. Ya ciro wayarsa ya danna. Muryar akuyar da ta karanci falsafa ta tashi a kan kabarin mutumin da ya raɗa mata wannan suna. Tsofaffin mata suka yi kuka, domin su ko wace waƙa aka sa za su yi. Svetozar ya kafe idonsa a kan tabar, yana jin idon Stanimir a ƙeyarsa kamar reza.

A bakin ƙofar maƙabarta Stanimir ya miƙa masa hannu.

"Barka, Farfesa. Ka ci gardama."

"Ka rage murya, don Allah."

"Wa zai ji? Wanda zai musa maka ai ƙasa ta cika masa baki. Ka iya zaɓen lokaci, ɗan'uwa."

Svetozar ya gaya wa kansa waƙa iska ce, ta wuce. Ya daina zuwa mashaya, ya koma aski a wata unguwa, inda aka yi masa gyaran fuska irin na fursuna. Da haka abin zai lafa, ba don ya ci karo da Zorka a kasuwa ba, ƙarshen damina, tana cinikin buhun jan tattasai.

"Kume, na ba da aikin dutsen kabari. Baƙi, mai sheƙi. Hotonsa a hagu, sunana a dama da shekarar haihuwata, an bar gurbin ta mutuwata. A ƙasa kuma, ka san wasu mota ake zana musu, wasu ƙugiyar kamun kifi. Ni na kai wa masassaƙin hoton taragon nan na bangon faifai. Zai yi kyau, ko?"

"Zai yi," in ji Svetozar.

Waƙa iska ce, dutse kuwa dutse ne. Shi da ya yi rayuwarsa yana koya wa yara shekarun da ruwa ke ɗauka kafin ya cinye dutse, ya fi kowa sanin haka. Abin da ya rage masa ɗaya ne: ya je ya gaya mata kafin a sa guduma. Ya fita da niyyar haka, ya dawo da burodi. Ya sake fita, ya kai bakin layinsu, sai ya tarar da kansa yana nazarin magudanar ruwa da matuƙar sha'awa. Ba ƙaryar ce ta fi cin ransa ba, ƙanƙantarta ce. Mutane suna cin amanar kum a kan gona, a kan mace. Shi kuwa ya ci ta a kan mai ganga.

Da kunyar ta kai masa wuya, wata Asabar da hantsi, ya tura ƙofar gidan. Zorka tana tsakar gida, ta hura murhu tana gasa tattasan ajiyar hunturu, hannayenta baƙi ƙirin.

"Zorka, akwai magana."

"Zauna ka ɓare, kume. Bakinka ba ya hana hannunka aiki."

Ya zauna a kan ƙaramar kujera, gwiwoyinsa a haɓa, ya ɗauki tattasai mai zafi. Ya shirya jawabi mai gabatarwa da kammalawa, amma abin da ya fito guntu ne.

"Ba Tarago ba ce tasa. Ashana ce. Tarago tawa ce, shi ya tsane ta. Ƙarya na yi miki. A tsayar da masassaƙin."

Zorka ta juya tattasai uku a kan wuta kafin ta amsa.

"Na sani."

"Kin san me?"

"Haba, kume. Shekara talatin ina aure da mutumin. Da Ashana yake aske gemu, da Ashana yake gyara rediyo, da Ashana aka kore mu daga gidan haya. Waƙar nan tasu mai tsawo, wadda mai gangar yake haukacewa a tsakiya, ko a barci aka tashe ni zan rera maka ita. Kurma ce ni?"

Fatar tattasan ta manne masa a yatsa. "To me ya sa kika tambaye ni?"

"Dutsen nan na mutum biyu ne. Ni ma a ƙarƙashinsa zan kwanta. Na ji Ashana a duniya, ba zan kwanta da ita a kaina har tashin ƙiyama ba. Amma in na canza da kaina, danginsa za su cinye ni ɗanya. Yanzu kuwa duk wanda ya ɗaga gira sai in ce kum ne ya faɗa. Wa zai mayar da maganar kum?"

"Ai da Stanimir kika tambaya..."

"Stanimir gaskiya zai faɗa min." Ta dube shi ba tare da fushi ba, har da ɗan tausayi, irin kallon da ake yi wa tsohon kare da ya sake satar tsire. "Kai kuwa na san ka. Ɓare da kyau, kana barin 'ya'yan a ciki."

Ya ɓare. Ya zo da shirin a zage shi, a kore shi, watakila ma a yafe masa bayan an ja masa rai. Bai zo da shirin jin cewa an daɗe da auna shi, an san nauyinsa daidai, har an gina aiki a kai ba. Sai da buhun ya ƙare ta sallame shi da kwalba guda ta tattasan, ta ce masassaƙin ya gama tun ranar Laraba.

Dutsen ya yi kyau, ba laifi. Taragon yana fitar da hayaƙi har kusa da haɓar Gvozden. Masu wucewa sukan tsaya su ce, Allah sarki, ma'aikacin jirgin ƙasa ne.

Yanzu duk Asabar Svetozar yakan je da taba ɗaya, ya kunna ya soke a ƙasa, ya sa waƙar Ashana mai tsawon nan, ya tsaya hula a hannu har ta ƙare, ba ya tsallake wurin gangar. Wata rana Stanimir ya same shi a haka. Ya tsaya gefensa, suka saurara tare.

"Yaya ka ji mai gangar, Farfesa?"

"Darduma," in ji Svetozar a hankali, don bakin ya saba.

Sai ya bar gurbin da Gvozden yakan ba shi amsa. Tabar ta ci gaba da ci. Stanimir ya buɗe baki kamar zai ambaci akuya, ya dubi fuskar Svetozar, ya fasa.