Idon Alhaji Bunu

Shekara uku ina riƙe da shagon hoto a Haɗeja babu babban ɗan kasuwa ko ɗaya da ya taɓa shigowa. Da difloma na dawo gida, amma aikin da ake kawo mini bai wuce fasfo na 'yan makaranta ba. Masu shaguna da injina sai su wuce ƙofata su hau motar Kano. Ban rufe ba, ban kuma rage kyan aikina ba.

Ranar wata Talata Shu'ibu, sakataren ƙungiyar masu casar shinkafa, ya yi sallama. Kamfanin da zai riƙa sayen shinkafarsu yana son hoton shugabanninsu goma sha biyu, daga kafaɗa zuwa sama, don shafinsa na intanet.

"Malama Mardiyya, da shugaba za a gwada ki. In nasa bai yi ba, Kano za mu. Ni dai na yi miki iya ƙoƙarina."

Washegari da hantsi ya zo da shugaban, Alhaji Bunu, dattijo cikin farar shadda. Na zaunar da shi, na gyara fitila, na koma bayan kyamara.

"Baba Alhaji, ɗago kai kaɗan. Nan za ka duba."

Ya ɗago. Yana ganin fuskata ya mayar da idonsa ƙasa. Sau tara ina dannawa, duk hoton da ya fito kamar na mai karɓar gaisuwar mutuwa.

Shu'ibu ya matso ya rage murya. "Alhaji ba ya kallon macen da ba muharramarsa ba, tun yana saurayi. Kawo in danna, ke ki ji da fitilar."

"Malam Shu'ibu, injin casa ka iya. Ba mai taɓa mini kyamara."

Alhaji ya fara laluben takalminsa da ƙafa.

"Baba, minti biyu."

Na kafa kyamarar a kan ƙafafunta uku, na haɗa ta da wayata, na zagaya na zauna a benci can bayansa.

"Na bar wajen. Ƙarfe da gilashi ne kawai a gabanka."

"To, 'yar nan, ta ina za ki gan ni?"

"Ta waya."

"Ikon Allah!"

Yanzu yana kallon idon kyamarar, sai dai ya ɗaure fuska kamar mai hoton katin zaɓe. Wannan ba zai sayar da ko mudu ɗaya ba.

"Baba, an ce shekarar da ruwa ya ci gonakin Guri, injinka ma tsayawa ya yi."

"Wane maƙaryaci ne ya faɗa? Da kwalekwale muka riƙa kwaso shinkafa, ni da kaina a ruwa har ƙirji! Ko yini ɗaya bai tsaya ba!"

Kafaɗunsa suka miƙe, idonsa ya tsaya cak, murmushi yana neman ƙwace masa. Na danna.

Na ba Shu'ibu wayar, ya miƙa wa Alhaji. Dattijon ya daɗe yana kallo, har ya ciro tabarau ya sake dubawa.

"Shu'ibu, ashe haka nake?"

"Haka kake, ranka ya daɗe, in an taɓo ka."

"Gobe ka turo mata sauran shugabannin. Ka ce su sa hulunan kirki."

Na ce, "Ƙarfe tara nake buɗewa. Wanda ya makara ya bi layi."