Rakiyar Ubale

Mainasara ya dafa bayan Ubale ya tura shi cikin motar Kano, sannan ya raɗa wa direba, "A tafi da mu a hankali, abokina ba ya jin daɗi."

Shi dai Mainasara lafiyarsa lau, kowa ya tambaye shi haka zai ce. Amma tun da ruwan Tiga ya cinye garinsu aka dawo da su kusa da Bebeji, barci ya ƙaurace masa, tuwo ma sai ya ɗan taɓa ya ture. Ga damina ta kawo kai, bai ko kalli fartanya ba. Kullum yana bakin ruwa, ya zuba ido wajen da gonar mahaifinsa take a da. Matarsa Larai ta tsorata ƙwarai, amma ranar da ta ambaci likita, tsalle ya yi.

"Ni da gemuna in je in ce wa wani yaro raina ba daɗi? Sai a ce na haukace!"

Larai ta bar zancen. Sai jiya ta same shi da wata magana.

"Malam, Saudatu ta zo tana kuka. Mijinta Ubale ba ci, ba barci. Akwai likitan damuwa a Kano, ya ƙi zuwa. Mun ce masa kai zai raka, don kada ya ji kunya."

Nan take Mainasara ya yarda. Taimakon aboki ai ba abin kunya ba ne.

A hanya sai lallaɓa juna suke yi. Mainasara ya ɓare masa goro, Ubale ya sayo masa ƙosai a Kwanar Dangora, har da yi masa fifita da hula. Mainasara ya ce a ransa, bawan Allah, ciwon ya ci shi, har ya ɗauka ni ne majinyacin.

Da suka shiga ofis, likita ya ce, "Sannunku, Baba. Wane ne ba lafiya?"

Kowa ya nuna ɗan'uwansa.

"Larai ta ce kai ne!"

"Saudatu ta ce kai ne!"

Sai suka tuntsire da dariya har da hawaye. Ubale ya miƙe yana gyara riga. "Matan nan sun sayar da mu. Tashi mu tafi."

Mainasara ya dube shi da kyau. Wuyan Ubale ya zama kamar sillen kara, rigar ma ta yi masa yawa. Tausayi ya kama shi, ya riƙe masa hannu.

"Likita, fara da ni, don wannan matsoracin ya ga ba a yanka mutum."

Ya gyara zama, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Wata gona ce," in ji shi, "a ƙarƙashin ruwa."

Ubale ya koma ya zauna.