Duwatsun Rabe

Fiton mashigin Yashe gadon Dikko ne. Ubansa Bube ya shekara talatin yana ƙetarar da masu zuwa kasuwar Kankiya a jirgin da aka sassaƙa da maɗaci. Sai fari ya zo, gulbi ya ƙafe shekara biyu, Bube ya rasu, jirgin kuma ya kwanta a rana har ya tsattsage.

Daminar da ruwa ya dawo, sai ga Rabe, ɗan baffan Dikko, ya dawo daga Kano da sabon jirgi a bayan mota. Fenti shuɗi yana walƙiya, amma jikinsa siririn katako ne da aka manna falle-falle, irin kayan da kuɗin fetur ya cika kasuwa da su. Rabe ya wuce wajen dagaci yana neman fito. Dagaci ya ce nan da kwana goma, jirgin da ya ƙetare da buhun gero goma, fito na mai shi ne.

Dikko ya ji kamar ya shaƙe Rabe. Ya duƙufa yana cusa auduga a tsagogin tsohon jirgin, yana shafa kwalta, amma da ya tura shi cikin ruwa sai ya yi ta yoyo kamar rariya.

"Ka faskara shi dai, Dikko," in ji Rabe, wanda ko Yaya ya daina ce masa. "Gara matarka ta samu itacen tuwo."

"Bakinka ya fi jirginka kauri," in ji Dikko.

Wannan magana ta tsaya wa Rabe a wuya. Ranar Juma'a, mutane duk sun tafi masallaci, ya loda wa tsohon jirgin duwatsu ya tura shi gurbi mai zurfi. Nasa kuwa ya jingine shi a tudu, rana na dukansa, wai kada ruwa ya ci fenti.

Kwana biyar Dikko yana caccakar gulbi da gora yana neman jirginsa, baƙin ciki ya hana shi cin abinci. Ya san mai aikin, amma ba shi da shaida. Rana ta shida gora ta taɓa katako. Da aka jawo jirgin aka kwashe ruwan, Dikko ya zauna yana jiran yoyo. Ko ɗigo babu. Katakon ya sha ruwa ya kumbura, ya matse audugar gam.

Uwarsa Nagoggo ta taɓe baki. "To, mi kake mamaki? Ubanka duk farkon damina sai ya nutsad da shi kwana bakwai. Ka tambaye ni ne?"

Ranar gwaji jirgin Dikko ya ƙetare da buhu goma a bushe. Na Rabe, da rana ta gasa mannin jikinsa, ya kai tsakiya sai fallayen suka fara ɓarewa. Buhunan suka nutse, Rabe ya fito da iyo, hularsa ta bi ruwa.

Dikko bai yi dariya ba. Ya kinkimo duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya, ya jibge su a gaban Rabe, a idon dagaci da jama'a.

"Ga kayanka," ya ce. "Ka adana su. Baɗi ma ina son ka taya ni."