Tauraron Tsakiyar Gajimare

Tun kafin Hazim ya buɗe baki, mahaifiyarsa ta jera farantan basbusa, wani kek mai zaƙi, a ƙofar zauren. A wannan jami'a, ranar kare digiri ranar dangi ce, ana zuwa da furanni da masu guɗa.

Dakta Sausan na gefe tana sauya hotuna a majigi. Gurbin malami ɗaya ya rage a sashen ilimin taurari. Ita ta nema da digirinta a hannu. Hazim, ɗan shugaban sashen, shi za a ba idan ya tsallake yau. Hotunan ma nata ne, na shekarun da ta yi tana lissafin yadda gajimaren gas ke ruftawa ya haifi taurari.

"Ki taimaki ƙanenki, 'yata," uban Hazim ya ce mata da safe, ko da yake ba su haɗa jini ba. "Danna maɓalli ne kawai."

Farfesa Mirfat, mai jarrabawar da aka gayyato daga Iskandariya, ta cire tabarau.

"Ɗana, gajimare ɗaya ya haife su. Me ya sa wannan tauraro ya ninka rana sau ashirin, wancan kuwa ko wuta bai kama ba?"

Hazim ya kurɓi ruwa. "Wato, zafi ne, ranki ya daɗe."

"Zafin me? Na shayi?"

Aka yi 'yar dariya, sannan zauren ya yi tsit. Sausan ta san idan shirun nan ya ƙara tsawo, gurbin nata ne. Sai dai ta daɗe tana koyarwa, hannunta ya saba kawo hoton gaba duk lokacin da ɗalibi ya kakare. Yatsanta ya danna kafin ta hana shi.

Hazim ya ɗaga kai ya karanto daga bango.

"Wurin haihuwa ne, ranki ya daɗe. Gas yana gangarawa tsakiya, wanda ke can shi ke ci. Da ya kama wuta, haskensa ya kore sauran gas ɗin, na gefe su tsaya yadda suke."

"Ba sa ƙara girma?"

"Ba sa ƙarawa."

Guɗa ta tashi tun kafin a sanar da sakamako.

Mahaifiyar ta miƙo wa Sausan basbusa a takarda. "Ci, 'yar nan. Allah ya kawo naki rabon."

"Amin, Hajiya."

Uban ya tsaya a bakin ƙofa, mutane na ta rungumarsa. "Dakta, kafin ki fita ki kashe majigin."

A gefen hoton akwai wani ɗigo ja, dishi-dishi, ƙaramin tauraro wanda ita ta fara gano shi. Ta dube shi, ta kashe.