Ƙafafun Inna Sun Ƙi Tashi

Wani mafarki na yi daren jiya, ni Lawisa, wanda har yanzu in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai. Amma bari in fara da abin da na kwanta da shi a rai.

Yanar ido ce ta rufe wa Innarmu gani. Likitocin ido sun sauka a asibitin garinmu suna cire wa mutane kyauta, kuma yau ɗin nan za su tattara kayansu su tafi. Babu irin bayanin da ban yi mata ba don ta je. Kullum sai ta saurare ni tsaf, ta gyaɗa kai, ta ce gaskiyata, ta gamsu, sannan ta gyara zama a kan tabarma ta ce a miƙo mata goro. Abin yana ci mini rai, don ina tsoron ranar da za ta daina gane fuskata. Ga shi kuma ni malamar Turanci ce, jiyan nan na cika allo da kalmomin da Turawa ke amfani da su wajen shawo kan mutum, ina ta feleƙe ina nuna wa 'yan aji bambancin kowace da 'yar'uwarta. Na dawo gida na kasa ɗaga tsohuwa ɗaya daga tabarma.

Ina rufe ido sai ga ni a wani gari inda inuwa ce ke ƙuna, mutane suna gudu cikin rana su sha iska. Asibitin garin yana bisa bayan wani ƙaton kunkuru, kunkurun kuwa ya kama hanyar fita gari, likitoci suna leƙowa ta taga suna ɗaga wa jama'a hannu. Ban yi mamaki ba. Na dai dubi tafiyarsa, na ce da sauran lokaci, amma ba mai yawa ba.

Sai ga ni a kasuwa. Ashe kalmomin nan da na rubuta a allo ne suka sauko, suka sa kwat, kowace ta kafa rumfa. Ƙamus ya ce uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, amma ko gaisawa ba sa yi. Ta farko doguwa ce mai tabarau, tana auna hujja a mudu. Ta ce ita kai take yi wa aiki, in ta gama da mutum ba ya da ta cewa. Ta biyu 'yar duma-duma ce, tana soya daɗin baki a kasko, ta rantse kayanta ba sa bi ta kai, zuciya suke nufa kai tsaye. Ta ukun gajera ce mai ƙaton wuya, igiya kawai ta baza a gabanta, ba ta magana. Da atishawa ake ciniki a kasuwar, ni kuwa ina da mura, don haka na saye kayan kowacce na ƙulle a gyale.

Daga nan sai wata doguwar rumfa da aka jera kawunan mutane a kan faya-fayai, suna ta hira. A garin, kai unguwarsa daban, ƙafa unguwarta daban. Wata agwagwa ce ke gadi, riƙe da mafici tana yi musu fifita. Na hango kan Inna da ɗankwalinta na atamfa, na durƙusa na gaishe ta, na fara zazzage hujja a gabanta. Agwagwa ta dafa ni da fiffike ta ce kada in yi asarar kaya, wannan kan ya gamsu tun bara, shi ne ma yake taimaka musu wajen gamsar da baƙi.

Na ce, "To Inna, mu tafi mana."

Ta ce, "Gaskiyarki, 'yar nan. Je ki gaya wa ƙafafu."

Sai ga ni a fadama. Ƙafafu ne birjik suna kiwo bibbiyu, wasu da silifas, wasu da kaushi. Na gane na Inna da jan lallensu, suna kwance a gindin mangwaro, ɗaya kan ɗaya. Na zuba musu hujja mudu guda, sai na tuna ƙafa ba ta da kunne. Kaji suka zo suka tsince, nan take suka gamsu da komai. Na fito da daɗin baki da zafinsa, na ce ƙafafun alheri, ƙafafun da suka goya ni zuwa rigakafi, ku taimaka. Suka cinye tas, suka yi miƙa, suka ƙara bajewa.

Saura igiya. Na ɗauko ta, na kai hannu zan ɗaura, sai kunya ta rufe ni. Ƙafafun uwata zan ja kamar akuya? Igiyar ma da kanta ta zama taliya a hannuna. Na ɗaga kai na hangi kunkuru ya kusa ƙofar gari, likitoci sun fara rufe tagogi. Na zauna a ƙasa daɓas, raina ya ɓaci, kuka yana neman ƙwace mini.

Ina cikin haka sai ga Kawu Mantau a kan keke, yana tuƙi da baya, ya ɗauko kan Inna a kariyar keken. Taubashin Inna ne, ɗan wan mahaifiyarta, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da an yi tsiya ba. Abin da ni ba zan iya faɗa mata ba ko da wuƙa a wuyana, shi a gaban sirikai yake faɗa, a yi dariya a wuce. Ya sauke kan a kusa da ƙafafun, ya tambaye ni me ya kumbura mini fuska. Na gaya masa. Ya dubi ƙafafun, ya ce in lura da yatsun da kyau. Na duba, sai na ga rawa suke yi a hankali.

Bai yi bayanin komai ba. Ya zauna a kan tabarmar Inna, wadda ban san lokacin da ta iso wurin ba, ya janyo gwangwanin goronta, ya zaɓi farin da ya fi girma ya ɓantara.

"Ƙyale ta, Lawisa," in ji shi. "Matsoraciya ce tun tana yarinya, kaza ma korar ta take yi. Ni hakan ya fi mini. Ga shi ina cin goronta a gabanta ba ta gani. Kuma gara ta zauna a haka, don in idon ya buɗe za ta ga ta tsufa ta bar ni ina saurayi."

Kajin nan da suka gamsu suka daina tsince-tsince. Sai ƙafafu suka miƙe zumbur, kai ya yi tsalle ya haye, sauran jiki kuma ban san daga inda ya fito ba, ga Inna dai cikakkiya tana ɗaure zani.

"Ni ce matsoraciya, Mantau? Tsaya nan. Yau sai an wanke mini idon nan na ƙare wa muninka kallo."

Kawu ya haye keke ya nufi kunkuru, Inna ta rufa masa baya da muciya, ni ina biye ina riƙe da takalmanta. Muka ratsa kasuwa, kalmomin nan uku suka fito daga rumfa suna faɗa, kowace tana cewa aikinta ne. Mai tabarau ta tare ni tana tambaya wace kalma ce wannan tsohon, a wane shafi yake. Na ce ba ya cikin ƙamus, a Unguwar Majema yake zaune. Kunkuru ya sa ƙafa ɗaya waje da gari, Kawu ya faɗa cikin asibiti da keke, Inna ta cafko ƙofar tana shirin rufuwa, tana haki tana dariya.

Ƙarar injin markaɗen maƙwabta ce ta tashe ni. Gari ya waye, daga tsakar gida ina jin Inna tana lalube tana tambayar wa ya kawar mata da buta. Ban je na yi mata wani bayani ba. Na ɗauki waya na kira Kawu Mantau, muka gaisa, na gaya masa yau likitoci za su tafi, kuma Inna ta ce ta gamsu.

Sai na ji yana neman takalmi.

"Ɗora mini shayi," ya ce. "Ki ɓoye muciya da taɓarya, ga ni nan zuwa."