Shirun Umma

Auta ta ɗaga kwamfutar, ta zagaya ɗakin da ita a hankali don kyamara ta ga kowane lungu: gado, labule, ƙarƙashin tebur, har bayan ƙofa. Mai sa ido a jarrabawar murya ce kawai daga can wata uwa duniya. Ta ce Auta ta nuna tafukan hannunta, ta nuna. Sannan aka maimaita mata dokokin da ta riga ta haddace: ba magana, ba tashi, ba waiwaye, kuma kada kowa ya gitta.

Dokar ƙarshen nan ita ta kayar da ita wancan zangon. Tana tsaka da jarrabawar darasin farko na tattalin arzikin ƙasa, Umma ta turo ƙofa riƙe da kwandon wanki, tana tambayar ina aka kai sabulu. Nan take aka soke jarrabawar. Jami'ar ta ba ta dama ɗaya ta sake. In wannan ma ta kuɓuce, sai ta haƙura da digirin, ta ci gaba da zama a teburin karɓar baƙi na asibitin haƙori tana ce wa mutane su ɗan jira.

Ita kuwa Umma, Allah ya yi ta da baki. In ba ta sami mutum ba sai ta yi hira da tukunya, ta ja gardama da rediyo, ta yi wa kyanwar maƙwabta faɗa. Shi ya sa da safen nan Auta ta durƙusa a gabanta.

"Umma, don girman Allah, yau ko tari ne ki daure."

"Ke, ni yarinya ce? Sau ɗaya mutum ya yi kuskure, shi ke nan an sami abin faɗi. Tashi ki je, ko numfashina ba za ki ji ba."

Tambayoyi suka fara fitowa: hauhawar farashi, rashin aikin yi, abin da kan biyo baya in gwamnati ta ƙara kashe kuɗi. Wata da watanni Auta tana sauraron laccocin nan a cikin bas, a tsaye, wani na taka mata ƙafa, wani na hura mata numfashi a ƙeya. Yau ga su suna zuwa mata kamar tsofaffin ƙawaye. Daɗi ya kama ta, har sai da ta danne murmushi don kada a ce da wani take yi.

Ta iso kan tambayar babban banki da kuɗin ruwa ke nan, sai ta ji ƙara daga kicin. Wani abu mai nauyi ya faɗi, kwanuka suka biyo baya, gilashi ya tarwatse. Daga nan sai tsit.

Shirun ne ya fi ba ta tsoro. Umman da ta sani, ko cokali ne ya faɗi sai maƙwabta sun ji labari. Rubutun da ke allo ya daina shiga kanta. Digirin ya je can, uwa ɗaya gare ta. Ta dafa tebur, ta fara tura kujera baya.

Sai ta ji tsintsiya. Shar, shar, shar, a natse, irin sharar wanda ba abin da ya dame shi. Auta ta sauke ajiyar zuciya. Mai shara ai lafiyarsa ƙalau. Ta jawo kujerar, ta koma kan babban bankinta, ta bi sauran tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, tsintsiyar na raka ta har ta ƙarshe.

Ta danna maɓallin miƙawa. Allon ya yi ta juyi kamar ba zai tsaya ba, sannan sakamako ya fito. Ta ci, kuma ba da ƙyar ba. Muryar ta taya ta murna, ta ce tana iya kashe kyamara.

Da gudu ta fita, ko takalmi babu. A bakin kicin ta ja birki. Umma na zaune a ƙasa, ta jingina da kabad, kujerar da ta taka don ɗauko kwano na kife a gefe. Idon sawunta ya kumbura suntum. Ta cusa bakin zaninta tsakanin haƙora, gumi ya jiƙa mata wuya. Fasasshen gilashi na warwatse ko'ina, ban da ɗan wurin da hannunta ke kaiwa, wanda take ta sharewa har yanzu.

"Umma, tun ɗazu a nan kike?"

Umma ta zare zanin daga bakinta, ta yi magana da raɗa. "An kashe abin?"

"An kashe."

"Kin ci?"

Auta ta durƙusa, hawaye na zuba. "Na ci, Umma. Na ci da kyau."

Umma ta lumshe ido, ta saki tsintsiyar.

"Alhamdu lillahi. To matsa can, 'yar nan, zan yi ihu."