Magaribar Maiduguri a Ƙofar Kibo

Ni dai bokona bai wuce firamare ba. Abin da na iya a shagon yayana Mustapha, a unguwar Kongo ta Zariya, shi ne in danna inda aka nuna mini a kwamfuta, firinta ta fito da takarda. To, ana saura kwana uku azumin 1995, Yaya ya zo da wani faifai da ya kwafo a wurin abokinsa. Ya ce furogiram ne irin na masu binciken sararin sama, yana lissafa tafiyar rana ya faɗi lokacin kowace salla har minti.

"Na asalin tsada gare shi," in ji shi. "Amma kwafi da asali ai uwa ɗaya uba ɗaya."

Nan da nan Malam Aƙilu ya faɗo mini a rai. Shi ne ladanin masallacin unguwarmu a Ƙofar Kibo tun ba a haife ni ba. Da can soro yake hawa ya ga faɗuwar rana da idonsa. Yanzu yanar ido ta rufe masa gani, sai wani agogo mai manyan lambobi da yake kaiwa dab da hanci. Na buga masa jadawalin wata guda da manyan baƙaƙe, na ƙara arba'in na raba gida-gida. Ya shafa takardar, ya yi ta sa mini albarka har na rasa inda zan sa kaina.

Ranar ɗaya ga azumi, bayan la'asar, wani abokin cinikinmu, Zailani, ya shigo sayen takarda. A ɗakin kwamfuta na jami'a yake aiki. Ya ga jadawalin a manne jikin bango, ya dubi agogonsa, ya ce in kunna masa furogiram ɗin.

"Inuwa, ka karanta wannan layin na sama?"

"Sunan wanda ya ƙera shi ne, ko?"

"Sunan wanda ya saya ne, da garinsu. Maiduguri. Lissafin nan duk na Maiduguri ne. Rana tana riga faɗuwa a can da minti ashirin da wani abu."

Na dubi jadawalin. Takardata ta ce a sha ruwa shida da minti goma.

"To a canza garin mana," in ji Yaya.

"A kulle yake da sunan mai shi. Ka ɗauko rigar wani a igiyar shanya, kana mamakin ta ɗame ka? Akwai wani da wasu suka rubuta suka sake shi ga kowa, cikinsa a buɗe, sai ka sa Zariya da hannunka. Amma sai gobe zan iya kawowa."

"Na kyauta? Wa ya taɓa ba da abin kirki kyauta?" in ji Yaya.

"Ai gara na kyauta da na sata, Alhaji."

Suka kama musu. Ni kuwa agogon bango nake kallo, biyar da rabi ta gota. Yaya ya juyo gare ni, ya sassauta murya.

"Kai, ka yi shiru. Gobe mu buga sabo mu ce an sabunta. So kake a ce shagonmu ne ya karya wa unguwa azumi?"

Ban taɓa musa wa Yaya magana ba. Keke kawai na ɗauka, na nufi masallacin unguwarmu.

Tafiyar nan na yi ta ba adadi, amma ban taɓa jin nisanta kamar ranar ba. Ina tuƙi ina ganin Goggo Sailuba, wadda ta manna takardata a bakin madafi, da sauran gidajen da rana ba ta leƙa tsakar gidansu da yamma saboda tsawon katanga. Su da takarda da kiran Malam suka dogara.

Na iske Malam Aƙilu zaune gaban lasifika, agogo a hannun dama, takardata a hagu.

"Allah gafarta Malam, kada a kira."

"Wane ne? Inuwa? Saura minti shida."

Na durƙusa na faɗa masa duka, har da yadda na ɗauki sunan gari sunan mutum. Ya ninke takardar a hankali, ya ajiye. Na fi son ya zage ni.

"Sunanka Inuwa," ya ce, "amma ka kasa fita waje ka dubi inuwa. Gida nawa ka raba wa?"

"Arba'in."

Ya laluba ya kunna lasifika, ya miƙo mini.

"Malam, ni?"

"Da ka raba, ni na raka ka?"

Na karɓa. Na ji muryata ta fita bisa unguwa, siririya kamar ba tawa ba. "Jama'a, Inuwa ne na gidan Jumare. Takardar da na kawo muku kuskure ce, lokacin Maiduguri ne. Don Allah kada kowa ya sha ruwa sai ya ji kiran salla." Sau uku na maimaita. Wani ya ɗaga murya daga zauren maƙwabta, "To mu ƙaura Borno mana!" Aka kwashe da dariya.

"Hau soro," in ji Malam. "Yau kai ne idona. In rana ta ɓace gaba ɗaya, ka buga kwanon rufi."

Na hau. Ga ta nan kuwa, ja wur, tsaye bisa ganuwa, shida da minti goma ta wuce ba ta da niyyar tafiya. Na tsaya ina kallonta ina istigfari. Sai shida da talatin da uku ta nutse. Na buga kwanon rufi da tafin hannu, Malam ya ɗaga murya.

Washegari Zailani ya kawo nasa, ya sa Zariya a gabana, ya nuna mini layin har na iya karanta shi. Yaya bai yi mini magana ba sai ranar huɗu ga azumi. Malam ya karɓi sabuwar takardar, ya ce yana so, amma ni dai hawan soro kullum har ƙaramar salla. Yaran unguwa kuwa har yau Ɗan Maiduguri suke kirana, kuma ina amsawa.